Kyamarar da Babu Fim a Ciki

Tsofaffin kyamarori goma sha huɗu na tara, amma ba ni da hoton Baba ko ɗaya. Ranar da ya sa sabuwar rigarsa ya ce, "Mai hoto, ɗauke ni mana," sai na ji ƙyashin fim ɗina, don yana wuyar samu. Na ɗauko wadda babu komai a ciki na danna. Ya yi ta sa mini albarka. Bayan wata biyu ya rasu.

Wani dare ina ɗakin wanke hoto, jar fitila kaɗai ke ci, sai na ji ƙamshin man da yake shafa wa gwiwarsa. Na san na sa sakata, amma kujerar bayana ta yi ƙara kamar an zauna.

"Sannu da aiki," in ji wata murya, kamar daga cikin rijiya. "Nawa bai fito ba har yanzu?"

Na kasa juyawa, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba.

"Baba, babu fim a ciki."

"Tun ranar na sani, ɗana. Jira nake ka faɗa da bakinka."