Ruwan Wankin Shayi

Tun daga garin Tetuwan, Lahsan yake tsayar da mota a kowace kwanar hanya don kallon teku, matarsa Zuhur tana mitar dare zai yi musu. Da magariba ya sake tsayawa a kan wani tsauni, ya ɗora buta. 'Yarsu Gita tana barci a mota.

Ya wanke ganyen shayin da tafasasshen ruwa, ya watsar da ruwan a gindin dutse.

"Ko bisimilla babu?" in ji Zuhur. "A wannan lokacin?"

"Ke dai miƙo sukari, malama."

Sai ga wata tsohuwa ta hauro ta gefen da babu hanya, sai gangare da ruwa. Iska tana kaɗa komai ban da mayafinta. Tana rungume da jariri, fuskarsa ta saluɓe tana tururi.

"Ɗana, wa ya zuba?"

"Wallahi ban ga kowa ba, Inna."

"Na sani," ta ce a hankali. "Shi ma bai yi maka komai ba."

Ta wuce shi, ta leƙa tagar mota.

"Wannan taka ce?"

Lahsan ya buɗe baki zai ce a'a. Daga ciki Gita ta ce, "Baba?"