Fuskar Baba a Ƙarƙashin Malfa

"Wannan ba Babana ba ne!" in ji Iyatu, ta ajiye hoton a kan dakalin ƙofar gidansu da ke Tarauni.

Isyaku, saurayinta mai ɗaukar hoto, ya ɗauka ya duba. Gonar ta fito ras, har zangarniyar dawa ana gani. Malfar ma ta fito. Amma ƙarƙashinta, inda fuskar mahaifinta Malam Kabo take, baƙi ƙirin.

"Iyatuna, inuwar malfa ce. Da zai cire ta..."

"Ya cire? Kai ka taɓa ganin Baba a gona ba malfa?"

"To ya shigo zaure."

"A gonarsa nake son shi, Yaya Isyaku!" in ji ta. "Ana ɗaura mana aure zai kama hanyar Makka ta ƙasa. Wasu shekaru suke yi, wasu kuwa..."

Ta juya ta shige gida.

Isyaku ya tura kekensa zuwa gida a Gyaɗi-Gyaɗi. A ɗakinsa akwai gwangwani, a ciki ƙwan walƙiya ɗaya tal naɗe a auduga. Irin wanda ake ɗaura wa kyamara ne, sau ɗaya yake haskawa ya ƙone. Obiechina, maigidansa da ya koya masa hoto, shi ya ba shi ranar da ya sallame shi. Mutum ne mai hannu, Isyaku bai taɓa ganin hotonsa ya lalace ba. Shi ya taɓa ce masa, "Ko da rana tsaka ana kunna shi, Isyaku. Ka auna kyamara da hasken gari, shi kuma ya cike maka inuwa."

Ƙwan nan Iyatu ya ajiye wa. Ya daɗe yana hango ta ranar biki, fuskarta na sheƙi cikin lulluɓi. Wani ƙwan kuwa ba zai samu ba sai jirgin ƙasa ya kawo daga Ikko, bayan biki da tafiyar Baba.

Washegari da hantsi ya isa gona.

Malam Kabo na tsaye riƙe da fartanya, dogo, kafaɗa a miƙe duk da tsufa. Isyaku ya tsaya kallonsa. Mutumin da ya yi renon 'yarsa shi kaɗai da noman gonar nan, bai taɓa kai kuka gidan kowa ba.

"Kai ɗan nan, fitila za ka kunna mini da rana?" Malam Kabo ya yi dariya. "Iyatu, anya mijin naki lafiya?"

"Baba, ka daure ka tsaya."

Ta matso kusa da Isyaku, ta rage murya. "Ba shi ne na bikinmu ba?"

"Shi ne."

"In ya ƙi fa?"

"Ki sa shi dariya kawai."

Ta ɗaga murya. "Baba, wai ka bar masa malfar in za ka tafi!"

"Wa? Wannan mai ƙaramin kan?"

Fau! Haske ya tashi, tsuntsaye suka watse daga kan dawa.

Da Isyaku ya wanke hoton ya kawo, Iyatu ta ƙura masa ido. Ga gona, ga malfa, ga Baba a ƙarƙashinta yana dariya, har zanen kuncinsa da giɓin haƙorinsa.

"Shi ne..." ta ce, hawaye na zuba. "Wallahi shi ne!"

Hoton bikinsu kuwa duhu ya yi, lulluɓi ya cinye fuskar amarya. Isyaku ya kawo mata yana sunkuyar da kai. Ta duba, ta yi murmushi.

"Haba masoyina, ni ai kullum kana ganina."

Malam Kabo bai dawo ba. Wani alhaji ne ya kawo labarin an binne shi a Sudan, a hanyar dawowa. Kowace safiya, kafin Iyatu ta hura wuta, Isyaku kan ji ta a gaban bango tana goge gilashin hoton Baba da bakin zanenta.

"Baba, ina kwana?"