Tarin Ƙyallen da Ya Ƙi Buɗuwa

Ranar da Ofelia ta fara ganin Renato, tana riƙe da tarin ƙyalle tana shirin ja. Aikinta ke nan a masana'antar labule da ke garin El Paso na Amurka: inji ya zana siririn layin gam a kan dogayen ƙyallaye, a jera su ɗaya bisa ɗaya, su kwana su bushe, da safe ita ta ja. In layin ya tafi daidai, tarin ya buɗe da ramuka kamar saƙar zuma. In ya kauce ko da faɗin gashi ne, ya manne ya zama katako.

Ta ja, ya buɗe. Sabon ma'aikacin ya saki baki yana kallo, ita kuwa ta san ba labulen kaɗai yake kallo ba.

"Baƙo, rufe bakin nan kada gam ya shiga," ta ce.

Kafin wata uku ya zama mataimakin mahaifinta, Don Evaristo, wanda ya shekara talatin a kan injin gam. Ya kuma zama mai cika mata waya da saƙo.

"Zumata, yau na ga yadda kika ja labule. Haka kike yi wa zuciyata, ba ko sallama."

Ta amsa: "Mai daɗin baki. Je ka iya saita layi tukuna."

Tana tsokanarsa ne kawai, amma son yaron ya riga ya kama ta.

Sai ga wata Talata da tarin labulen wani otal da aka yi mako ana yi ya ƙi buɗuwa. Ta ja na farko, shiru. Na biyu ma haka, har goma sha huɗu. Gilberto, shugaban sashe, wanda ya daɗe yana kai wa gidan su Ofelia tamales, irin alalar masara, don a san da zamansa, ya tara mutane ya tambayi wa ya saita injin. Don Evaristo ya ce shi ya saita na safe, kuma nasa ba ya kaucewa. Renato ya dubi tsohon, ya dubi ƙasa, ya ɗauki laifin.

Aka ɗauke shi daga inji, aka mayar da shi loda kwali. A gida kuwa Don Evaristo ya yanke magana: wanda bai iya miƙe layin gam ba, ba zai iya miƙe gida ba. Ya ce ga Gilberto nan, mutum mai natsuwa.

Ofelia ta tura saƙo: "Renato, faɗa mini yadda aka yi. Ko da sakaci ne, zan ji."

"Laifina ne, Zumata. Ki bar shi haka."

Wannan amsar ta fi komai ƙona mata rai. Ko hanzari ɗaya bai kawo ba, kamar ita ba ta kai a yi faɗa dominta ba. Ta yi kwana tara ba ta kula shi, kullum Gilberto na raka ta har mota yana washe haƙora.

Ranar Juma'a aka ce a zubar da tarin da ya lalace. Tana tura su a amalanke sai ta tuna da al'adar masu injin: duk wanda ya saita layi yakan sa alamarsa da fensir a kan ƙyallen farko, alamar ta shige cikin rami, ba a ganinta sai an buɗe. Tun da waɗannan ba su buɗe ba, ba wanda ya gani. Ta ɗauko wuƙa ta tsaga ɗaya. Ta tsaga sauran. Duka goma sha huɗun ɗan gicciye ne a ciki, irin wanda mahaifinta ke yi tun tana goye.

In ta yi shiru, Renato ya tafi ke nan. In ta faɗa, ta tsinka mahaifinta a wurin da yake taƙama da shi.

Ran Lahadi bayan coci, ta jira ya gama cin abinci, ta ajiye ƙyallen a gabansa.

"Baba, karanta mini alamar nan."

Ya ɗaga shi, ya nisanta, ya kusanto da shi har ya taɓa hancinsa. Sai a lokacin ya gani. Ita ma sai a lokacin ta gane abin da Renato ya riga kowa ganewa: idon tsohon ya tafi.

Ya ajiye ƙyallen. Da ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Yaron nan ya sani?"

"Yana tsaye kusa da kai kullum, Baba."

Ya tashi ya shige ɗaki. Har safiyar Litinin ba ta san abin da zai yi ba, a haka suka tafi aiki a mota ɗaya.

Yana shiga bai nufi inji ba, ya wuce wurin loda kwali. Gaban kowa, har da Gilberto, ya ce shi ya karkata layin, kuma ya zagi mutumin da ya rufa masa asiri. Ya zaro guntun fensirinsa daga bayan kunne ya miƙa wa Renato.

"Riƙe, ɗana. Injin naka ne. Ɗayar maganar kuma, ka zo gida da iyayenka."

Ofelia ta matso tana share hawaye, ta ce wa Renato shi wawa ne. Ya ce ya ji, in dai wawanta ne.

A watan Mayu aka ɗaura auren. Don Evaristo, sanye da sabon tabarau mai kauri, ya miƙa musu tarin ƙyalle guda a ɗaure, na tagar ɗakinsu. Renato ne ya saita, tsohon ya sa hannu. Amarya ta kama gefe, ango ya kama gefe, suka ja, ya buɗe sarai. A ramin farko ga gicciye, ga harafin R a gefensa.

Tsohon ya ɗora musu hannu a ka, ya ce Allah Ya haɗa su inda ya kamata su haɗu, Ya buɗa musu duk sauran.