Bargon da Ya Ƙone Jinjiri

Da nas ta tsoma bargon a cikin baho, ruwan bai yi shuɗi ba, baƙi ya yi, da wani maiƙo yana yawo a kai, ga wari mai hawa ka kamar an buɗe kwatar da ta toshe. Sajan ta ja da baya, ta danne hanci da bayan hannu. Aikin ɗan sanda ya nuna mata ƙazanta iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wadda aka naɗe jinjiri a ciki ba.

Jinjirin yana ɗaki na gaba, an kwantar da shi rubda ciki. Daga ƙeya zuwa gadon baya fatar duk ta saɓule.

"Soda ce," in ji nas. "Irin ta rini, ba a ɗauraye ba. Da ya yi zufa sai ta ci fatar. Zai tashi, amma tabo kam ban ce ba."

Labarin bargon gajere ne. Kakar yaron, wadda kowa ke kira Inna, ita ta kaɗa zaren audugar da hannunta. Wani tsohon marini da ake wa laƙabi da Shuni, saboda hannayensa, ya rina. Goggon yaron, yayar ubansa, ta saƙa da kibiya. Uban kuwa, direba ne mai saurin hannu, bai tsaya jin komai ba. Daga asibiti ya wuce marina, ya kifar da duro guda na rini, ya fasa wa tsoho leɓe, ya ja shi har caji ofis jama'a na biye. Kafin azahar duk mai kaya a marinar ya je ya kwashe abinsa, har da waɗanda ba su bushe ba. In dai bargon nan ya tabbata a kansa, Shuni ya gama rini a garin ke nan, ko kotu ta sake shi ko ba ta sake shi ba.

Sajan ta sa aka fito da shi daga bayan kanta. Ya zauna a benci ya ɗora hannayen nan a gwiwa, shuɗi har cikin farce.

"Baba, da me kake haɗa ruwan rininka?"

"Shuni da toka, 'yata."

"Soda fa?"

"Ba ta taɓa shiga durona ba. Ku je ku ɗebi na ƙasa ku auna, tunda an zubar."

"Yaya kake rina zare?"

"A ɗaurinsa nake tsomawa, in buɗe shi da yatsu a cikin ruwan don ya ratsa ko'ina. In ɗaga iska ta buge shi, in mayar. In ya kama, in yi ta ɗauraya har sai ruwa ya fito tas." Ya taɓa leɓensa. "Ba sai kin wahala ba. Ki tambayi Inna. Tun muna da ƙuruciya take kaɗi ina rinawa. Ta san zarenta, ta san rinina. In ta ji abin da aka yi mini, da ƙafarta za ta zo."

Inna dai ba ta zo ba, kuma gidanta bai fi tafiyar ƙafa daga ofishin ba. Sajan ta lura da wannan.

Direban yana waje yana ta kai da komowa, yana jira a yaba masa. Sajan ta kira shi ciki.

"Wa ya karɓo zaren daga marina?"

"Ni, ranki ya daɗe."

"Ka tsaya wani wuri da shi?"

"Ko fakin ban yi ba. A cinyar Inna na ajiye shi."

"Ka ga lokacin da aka sa sodar?"

"Sai na gani? Wa ke rini in ba shi ba?"

"To, likita da alƙali, zauna nan. Akwai maganar leɓen tsohon nan, zan dawo kanta."

A asibiti ta sami maijego zaune a bakin gado, ido ya kumbura. Tun kafin Sajan ta iso, Goggo ta riga ta yaɗa cewa ƙila yarinyar ce ta wanke bargon da bilic, don ba ta iya komai ba.

"Ban taɓa wanke shi ba," in ji maijego. "A leda Goggo ta kawo. Na ji yana ɗan wari, ta ce haka rinin gaske yake, kar in nuna ƙauyanci." Ta fashe da kuka. "Ni na naɗe shi a ciki da hannuna."

Nas ta tabbatar bilic fari yake sa kaya, ba baƙin ruwa ba. Sajan ta cire maijego daga lissafi, ta ɗauki bargon a leda ta fita baranda, inda iska za ta rage mata warin.

Ta yanke gefe da reza, ta zaro zare kamar kamu ɗaya, ta kyasta ashana. Auduga ci take ta bar toka. Wannan kuwa ƙanƙancewa ya yi, ya narke, ya ɗiga, ya bar wani baƙin dunƙule mai tauri da ƙaurin leda. Zaren roba ne na kamfani. Babu mazarin da ya taɓa juya shi.

Ta shimfiɗa sauran a rana ta duba da kyau. Shuɗin ba ɗaya ba ne. A jikin zaren akwai ɗigo-ɗigon fari a jere, kusa da kusa, tazara ɗaya, kamar fatar da ke ƙarƙashin zobe. Wani abu ya danne wuraren nan lokacin da aka tsoma shi, rini bai shiga ba. Kuma ɗigon a fuskar bargon suke, a warwatse, ba a inda saƙar ta harɗe ba. Ta daɗe tana kallonsu kafin ta naɗe kayan.

Ta sami Inna a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, mazari a gefe, da ɗan kasko na alli da take shafa wa yatsu. Ba ta kaɗi. Hannayenta na kan cinya, gaɓoɓin sun kumbura.

"Inna, zaren da ɗanki ya kawo daga marina, naki ne?"

"Nawa ne."

"Kin tabbata?"

"Na bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe. Na san inda na yi haɗi, na san inda hannuna ya gaji ya yi kauri. Shi ne na ƙarshe da zan iya, yatsun sun ƙi."

"Rinin fa?"

"Ya yi kyau. Ko a hannu bai fita ba."

"Daga nan sai ina?"

"Na ba 'yata ta saƙa."

"Da ta gama, kin taɓa bargon?"

Tsohuwa ta juya kai wajen bango. "Idona ba ya gani sosai yanzu."

Sajan ba ta matsa ba. Amsar farko ta riga ta wanke mutum biyu: zaren ya bar hannun marini lafiya, ya bar hannun direba lafiya. Saura hannu ɗaya.

Goggo tana zaune a wani gida da ke bayan layin, ɗaki da falo. Falon tsaf, ga turare, ga hulunan yara da safuna a rataye a igiya, kowanne da ƙaramar leda. Mace ce mai fara'a da yawan magana, irin waɗanda ke amsa tambaya tun ba a gama ta ba.

"Sannu da aiki, Sajan. Wallahi tun safe ko ruwa ban sha ba. Ɗan ƙanena guda. Wannan tsoho Allah ya isa."

"Yaushe kika fara saƙa?"

"Tun ina 'yar mitsitsiya. Ido rufe nake yi."

"Yaya zaren ya zo miki?"

"A ɗaure, yadda ya saba kawowa. Ni na naɗe shi curi-curi."

"Da shi kika saƙa bargon?"

"Da me kuwa?"

"Ba ki ji wani bambanci a hannu ba?"

"Ko kaɗan."

Sajan ta ciro baƙin dunƙulen nan daga aljihu ta ajiye a kan tebur.

"Wannan daga bargon ya fito. Roba ce. Kin saƙa bargo guda, kowane kamu ya bi ta yatsunki, ke da kike saƙa ido rufe, ba ki bambance audugar uwarki da roba ba?"

Fara'ar ta ragu. "To ai marinin ne ya musanya."

"Inna ta ce nata ne ya dawo. Ta bi shi da yatsa. Ina kicin?"

Kicin ɗin bai ga tsaftar falo ba. A bayan ƙofa akwai bokitin ƙarfe a kife, cikinsa ya yi shuɗi-baƙi, warinsa ɗaya da na bahon asibiti. A kan murhu kuwa akwai wani tsumma da ake sauke tukunya da shi. Sajan ta ɗaga shi da bakin biro. Wuyan rigar sanyi ne, an yanke shi zagaye, lambar kamfani na nan a liƙe. Rinin bai iya rufe dattin da ke cikinsa ba, wani maiƙon wuyan mutum da ya daskare ya yi ƙyalli. Ta fito da shi falo a haka, a bakin biro.

"Bari in faɗa miki yadda aka yi, in na yi kuskure ki gyara. Kin sayo rigar sanyi ta gwanjo, fara. Kin haɗa garin rini na kanti da soda a bokiti, kin cusa rigar ɗungurungum. Duk inda zare ya hau kan zare a saƙar, rini bai shiga ba. Da ta bushe kika yanke wuyan, don ba ya warwaruwa, kika warware sauran, kika saƙa bargo. Shi ya sa farin ɗigon ya fito fili. Marini ko zai yi cuta ba zai yi wannan ba. Zare yake sani, zai fara warwarewa ya ɗaure, sannan ya tsoma. Mai saƙa ce ke ganin riga ta ɗauke ta a matsayin abu guda. Ina zaren Inna?"

Goggo ta zauna a hannun kujera. Ta ɗaga kai, kuma abin takaici babu kunya a fuskarta, haushi ne.

"Wata mata ce ta gani a nan, matar wani babba. Ta ce mayafi take so da shi, ko nawa ne, sai na sayar mata. Zaren hannu irin wannan, a ba jinjiri? Me ya sani? Fitsari zai yi a kai."

"Kin wanke rigar kafin ki tsoma?"

"Ai rinin zai kashe komai."

"Bayan kin tsoma fa, kin ɗauraye?"

"Na gwada, launin ya fara zuba. Sai na bari."

Sajan ta fita ƙofa ta tofar da yawu, ta dawo ta ce mata ta ɗauko mayafinta.

Da la'asar aka tara su a ofis. Direba ya ji bayanin a tsaye, baki buɗe. Da aka gama ya matso yana rage murya.

"Ranki ya daɗe, abu ne na cikin gida. Yayata ce. A bar maganar a nan, mu za mu sasanta. Shi kuma Baba a sallame shi shiru, ba sai an ce komai ba."

"Shiru," in ji Sajan. "Da ka jawo shi ta tsakiyar kasuwa shiru ka yi? Ya fita shiru, gari ya ci gaba da cewa shi ya ƙone yaro. Haka kake so?"

Ta ce da kurtu ya rubuta shi shi ma, duka da ɓarnar kaya.

Shuni bai kalli Goggo ba, bai kalli direba ba. Inna yake kallo, wadda aka kawo a mota aka zaunar a ƙarshen benci.

"Inna," ya ce, a hankali. "Ranar da aka kawo bargon, an sa miki yaron a hannu?"

"An sa."

"A cikin bargon?"

Yatsunta suna murza gefen zane.

"A ciki."

"To kin sani."

"Na ji ba nawa ba ne. Na zaci canji kawai ta yi, ban san zai ci shi ba." Ta sunkuyar da kai. "Da safe kuma da aka ce an kama ka, na sa takalmi, na cire. 'Yata ce, Shuni."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe rigarsa.

Sajan ta ce za ta raka shi har marina, a ƙafa, ta tsakiyar kasuwa, ta faɗa wa duk wanda ya tambaya. Ya yi mata godiya. A bakin ƙofa Inna ta kira sunansa, ta ce akwai sauran ɗauri ɗaya a gida, fari, da ta ajiye tun bara, za ta aiko masa.

"Ki bar shi fari," ya ce, ya bi bayan Sajan.