Ganyen Kan Katanga

Kwalbar ta faɗo daidai gaban ƙafata ta tarwatse, man da na sha wahalar haɗawa ya malale a tsakar gida.

"Ki kwashe abinki," in ji Umma, mahaifiyar Kafinta, saurayin da zan aura. Ko sallama ba ta yi ba.

Na durƙusa zan gaishe ta, ta ɗaga mini hannu.

"Riƙe gaisuwarki. Me kike zuba wa ɗana a cikin wannan abin?"

"Umma, ganye ne da man kaɗanya da ɗan zuma... wallahi shi ke nan."

"Shi ke nan? Yaro ya zo miki da ɗan tsagewar fata, yau hannunsa ko guduma ba ya iya riƙewa. Maganar auren nan a ajiye ta. Ba zan kawo wadda za ta nakasa mini ɗa cikin gidana ba."

A bayanta 'Yar Gwaggo ce tsaye, ɗiyar ƙanwar mahaifinsa, ta rufe baki da gefen mayafi wai ita tausayi. Ni kuwa ina hango murmushin ta idonta. Tun ranar da aka ce Kafinta ya zaɓe ni take ciwon da ba ni da maganinsa.

Suka fita suka bar ni da fasassun kwalba. Kaka tana kan tabarma tana tsinke ganyen gwaiba, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kaka, ba za ki ce komai ba?"

"Me zan ce? Ki share kwalbar kafin kaza ta taka."

Haka Kaka take. Ita ta rene ni, ita ta koya mini haɗa magani tun ban kai tsawon turmi ba. Citta da zuma da lemun tsami na tari, ruwan ganyen gwaiba na ciki, sai kuma man fata, wanda shi ne abin alfaharinmu. Ana yin sa da wani ganye mai laushi da ke fitowa a bakin rafi, mu a gidanmu mai-sanyi muke ce masa. Duk unguwa babu wanda bai taɓa shafa shi ba, daga mai tsagewar diddige har jaririn da zafi ya feso wa.

Man nan ne ma ya haɗa ni da Kafinta. Ya zo da yatsu duk sun tsattsage saboda gam da fenti, ya miƙo mini hannu yana kallon ƙasa.

"An ce nan ne gidan likita."

"An ruɗe ka. Nan gidan masu dakan ganye ne."

"To Likita, a daka mini."

Sunan da ya bi ni ke nan. Hannu ya warke, mai hannu ya ƙi daina zuwa. Yau ya gyara mana ƙofa, gobe ya ce kujerar Kaka tana rawa, har dai Kaka ta ce masa idan babu sauran abin gyara a gidan ya turo manyansa.

Ana cikin maganar aure na zame a gangaren rafi na gurɗe ƙafa. Zuwa ɗebo ganye ya gagare ni. Na roƙi Kawu, tunda ta can yake bi zuwa gona, ya riƙa tsinko mini. Ya ce "to". Kawu kuwa ko ce masa ka yi ya ɗauko maka wata, "to" zai ce. Amma washegari da safe sai ga ɗaurin mai-sanyi a kan katangarmu, ɗanye shar. Na ce lallai Kawu ya shiryu.

A kwanakin ne hannun Kafinta ya tashi. Wannan karon ba tsagewa ba ce kawai, ja ne da kumburi da shaidar susa har gwiwar hannu.

"Ka shiga jeji ne?" na tambaye shi.

"Ni? Daga shago sai gida."

"Ka canza fenti?"

"Wataƙila shi ne."

Na shafa masa mai da yamma, ya lafa. Washegari ya dawo ya fi na jiya. Na ƙara yawan ganye. Na ce a gabansa, da ina samun ɗauri biyu da na yi mai ƙarfi. Da safe sai ga ɗauri biyu a katanga, hannun Kafinta kuma ya koma kamar an tsoma a ruwan zafi. Na canza zuma, na canza tukunya, na wanke turmi da toka. Har man kaɗanyar na zubar na sayo wani. Abin da ke warkar da kowa ya ƙi mutumin da na fi so ya warke, na rasa inda zan sa kaina.

Ranar da Umma ta fasa kwalba, da la'asar sai ga shi. Ya tsaya a zaure, hannuwa a bayansa.

"Likitata..."

"Kada ka ƙara kirana haka."

"Ki yi haƙuri da abin da Umma ta yi. 'Yar Gwaggo ce ta ce mata wai da gangan kike hana ciwon warkewa don in riƙa zuwa."

"Wataƙila gaskiyarta ce."

"Haba, masoyiya."

"To ka faɗa mini, me ya sa kai kaɗai? Me ya sa kai?" Hawaye suka ƙwace mini. "Na daina. Na daina haɗa man nan. Ko ganyen ba na son in ƙara gani a gidan nan."

Ya daɗe yana kallon ƙafata mai ɗauri.

"Ba za ki je rafi ba ke nan?"

"Me zan je yi?"

"To shi ke nan," ya ce. Har da wata ajiyar zuciya, kamar na sauke masa kaya. Wannan ajiyar zuciyar ta fi fasa kwalba yi mini ciwo.

Washegari babu ganye a katanga. Na ce Kaka ce ta gaya wa Kawu. Ɗaurin ƙarshe kuwa na tura shi bayan randa da sanda, ban ko jiƙa shi ba.

Abin da ya ƙarasa ruɗa ni shi ne, ba a yi mako ba hannun Kafinta ya warke sarai.

'Yar Gwaggo da kanta ta kawo mini labari, wai ta zo sayen maganin tari.

"Kin ji ikon Allah? Yana daina shafa naki, sai ga fata lumui. Ni na kai masa wani ɗan mai na kanti." Ta gyara mayafi. "Ba laifinki ba ne fa, wani hannun ne ba ya karɓar wani."

Na zuba mata citta da zuma, na yi mata fatan sauƙi. Tarin da ko sau ɗaya ban ji ta yi ba.

Bayan ta tafi na zauna ina kallon tafin hannuna. Na fara yarda. Wataƙila akwai abin da na ɓata ban sani ba. Wataƙila Umma ta fi ni gaskiya. Ina son sa, kuma ga shi nisa da ni ne ya ba shi lafiya. To me ya rage in ce?

Ana haka Kawu ya shigo gaida Kaka. Na ce bari in yi abin da ya kamata.

"Kawu, na gode da ɗawainiyar ganye. Allah ya saka."

"To," in ji shi. Ya kurɓi ruwa, sannan ya ɗago. "Wane ganye?"

"Mai-sanyi. Wanda kake ajiye mini a katanga."

"Au, kin ce in tsinko ko? Wallahi na sha'afa. Ai na ma daina bin ta rafi, karara ta rufe gangaren nan gaba ɗaya."

Na kalli Kaka. Kaka ta ajiye abin da ke hannunta.

"Jawo mini ɗaurin nan na bayan randa. Da sanda."

A gidanmu doka ce, ba a taɓa ɗanyen ganye da hannu sai an tura shi cikin ruwa ya jiƙu an ɗauraye. In za mu tsinka kuwa, tsohuwar safa muke sa wa hannu har gwiwa, mu jawo reshe da maƙata. Dalili kuwa karara, wannan mai yaɗon da gashin 'ya'yanta ke sa mutum susa kamar zai cire fata. Na saba da dokar har na daina tuna dalilinta.

Kaka ta baje busasshen ɗaurin da tsinke. Ga kwanson karara kwance a tsakiya, gashinsa na ƙyalli. Ta ɗaga igiyar da aka ɗaure ganyen da ita, siririyar igiya mai shuɗin alli a jiki, irin wadda ake ja a kan katako a fitar da layi.

"Kawunki yana aikin katako ne?"

Mayafina kawai na jawo.

"Ki bi a hankali da ƙafar nan," in ji Kaka. "Mai laifin ba gudu zai yi ba."

Na same shi a shago yana goge wata ƙofa, garin katako har gira. Umma tana zaune a benci ta kawo masa abinci, 'Yar Gwaggo na gefenta riƙe da kwano. Na gaida Umma, ta amsa da hanci. Na ajiye igiyar a kan teburin aikinsa.

"Taka ce?"

Ya kalle ta, ya kalle ni.

"Daga shago sai gida, ko?"

"Likita, bari in..."

"Kai ne kake zuwa rafi. Kai ne mai ajiye ganye a katanga."

Umma ta miƙe. "Wane rafi? Ba motsa jiki ka ce mini kana fita yi da sassafe ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ƙafarta ce, Umma. Na san in babu ganye za ta ja ƙafar nan ta sauka gangaren. Na san kuma Kawu ba zai je ba."

"Da hannu kake tsinka?" na tambaya. "Haka nan, babu safa, babu maƙata?"

"Safa kuma? A hannu?"

"Ka kutsa cikin karara da hannunka tsirara kullum, sannan ka zo da yamma in shafa maka mai ina kuka? Na ce ina son ɗauri biyu, ka je ka ƙara shiga ciki?"

"Ban san wata karara ba. Ni na ɗauka ganyen ne da kansa yake yin haka."

"To da ka ji yana cin hannunka, me ya hana ka faɗa?"

Sai da ya juya hannuwansa ya kalle su, sannan ya ce a hankali:

"Na ɗauka haka kike sha kullum. Tun kina yarinya. Na ce ke kin yi shekaru kina jurewa ba ki taɓa faɗa wa kowa ba, ni ba zan kasa jure na 'yan kwanaki ba. In na faɗa, hana ni za ki yi, ki koma da kanki."

Duk faɗan da na ƙunso tun daga gida ya bi iska. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun.

"Amma kana ji Umma ta ajiye maganar aurenmu..."

"Na ce bari ƙafarki ta warke tukuna, sai in faɗi gaskiya. Na yi wauta, na sani."

"Wauta?" Umma ta dube shi sama da ƙasa. "Kai dai ubanka ka biyo. Ka bar ni na je gidan mutane na yi abin kunya da girmana."

'Yar Gwaggo ta ce, "Amma dai Umma, man da na kawo ne ya..."

"Yana nan kan taga ko buɗe shi bai yi ba. Ɗauki kwanon nan ki kai gida."

Ta ɗauka ta fita, takalminta na faɗa da ƙasa.

Umma ta juyo gare ni. Ni kuwa idona na ƙasa.

"Ƙafar ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Umma."

"Zauna a nan, kada ki tsaya a kanta." Ta matsa mini a bencin. "Ki gaida Kakarki. Ki ce mata ina nan zuwa, da sallama wannan karon."

Ta zo kuwa. Ta shigo da sallama har sau biyu, ta zauna kusa da Kaka, suka yi maganarsu ta manya. Da za ta tafi ta ciro wata sabuwar kwalba daga jaka, babu komai a ciki, ta ajiye a gabana daidai inda waccan ta fashe.

"Diddigena na tsagewa," ta ce tana kallon wani wajen. "In kin samu hali."

Bayan an ɗaura aure, safiyar farko da ƙafata ta yarda da gangare, tare muka sauka rafi. Na nuna masa karara tana lilo a kan reshe, ya ja da baya har ya kusa faɗawa ruwa.

"Wannan 'yar abar ce ta kusa raba ni da ke?"

"Ba ita ba ce. Rufe bakin da ka yi ne."

"Na tuba, Likitata."

"Miƙo hannu."

Ya miƙo duka biyun, kamar ranar da ya fara zuwa gidanmu. Na zura masa tsofaffin safar Kaka har gwiwa, ɗaya ja ɗaya baƙa, na damƙa masa maƙata.

"In ya yi maka ƙaiƙayi fa?"

"In faɗa miki."

"Ko da kaɗan ne?"

"Ko da kaɗan ne," ya ce, ya jawo reshen farko.