Kujerar Da Ta Yi Wata Uku A Titi

Da cikinta wata bakwai Lorraine ta fito da shebur tana kwashe dusar ƙanƙarar da ta toshe mata ƙofa. Ta kwasa, ta dafe ƙugu, ta sake sunkuyawa. Maza huɗu suka wuce ta gabanta a safiyar nan, biyu ma sun sha cin abinci a gidanta, amma ko sannu babu wanda ya ce mata. Da ta kai matakalar ƙarshe sai shebur ya ɗago mataccen ɓera, an ɗaura masa jan zare a wuya... na uku ke nan a mako guda! A unguwar nan ta bakin kogi, ƙasa da birnin Pittsburgh, mai kai wa 'yan sanda rahoto ake kira ɓera, kuma duk zagin duniya babu wanda ya kai shi muni. Ta zauna a kan ƙanƙarar tana kuka, hawayen na daskarewa a kumatunta.

Mijinta Caz ɓarawo ne, wannan babu mai wanke shi. Tun da aka rufe masana'antar ƙarfe, shi da amininsa Emil da wasu mutum uku suke shiga kangayen gine-gine suna zare wayar jan ƙarfe da bututu, wani lokacin kwalayen sigari, su tara a wani gareji a ƙarshen layi. Caz da Emil aji ɗaya suka yi, tare suka koyi walda a hannun Baba Zygmunt, Emil ne ma babban abokin ango ranar ɗaurin aure a coci. Ita kuwa Lorraine marainiya ce, a gidan marayu ta tashi, ba ta da kowa sai mijin nan. Ta sha yi masa kuka ya bar sana'ar, kuma maƙwabta sun sha ji ta bango.

Wata safiya a Janairu 'yan sanda suka dira garejin kai tsaye, ba su tambayi kowa hanya ba. Caz kaɗai suka samu a ciki, alƙali ya yanke masa shekara uku. Sai da ƙura ta lafa mutane suka lura da wata kujera ruwan ɗorawa a tsaye a ƙofar garejin. Kowa ya san dokar kujera: in ka sha wuya ka haƙe wa motarka gurbi a ƙanƙara, ka dasa kujerar kicin a wurin, to gurbin naka ne har ka dawo, babu mahalukin da zai taɓa ta. Amma ƙofar garejin babu wanda ya haƙe, babu mai ajiye mota a can. Alama aka yi wa 'yan sanda. Kujerar kuwa ta Lorraine ce, ɗaya cikin huɗun da surukarta Mama Wanda ta ba ta ranar biki.

Mama Wanda ta shigo kicin ɗin ko sallama babu, Emil na biye da ita, ta ƙirga kujeru ta samu uku. Lorraine ta rantse cewa tun da kaka ƙafar kujerar ta karye, Emil ya zo Caz ba ya nan, ya tafi da ita zai yi mata walda, bai dawo da ita ba. Emil ya cire hula, idonsa ya kawo ruwa.

"Haba matar ɗan'uwana," in ji shi a hankali, "ni kuma? Ni ko taɓa kujerar nan ban taɓa yi ba. Ki faɗi gaskiya, tsoro kika ji, kowa zai gane."

Tsohuwar ta dubi Lorraine daga sama har ƙasa. "Da kayana kika sayar da ɗana. Dama an gaya mini wanda bai san uwa ba bai san gida ba, na ƙi ji."

Daga ranar duniya ta juya mata baya. Mai gidan burodin da take aiki ya sallame ta, ya ce ba don ransa ya so ba, mutane ne suka daina saye a hannunta. Ranar Juma'a ta je kicin ɗin coci inda mata ke naɗa pierogi, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali a ciki, tana zama suka kwashe ƙullunsu suka koma wani tebur. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gidan yari. Awa uku ta yi a bas da tsohon ciki, ta bi layi, aka caje ta, ta zauna a gaban gilashi tana gyara gashi... sai gandiroba ya dawo shi kaɗai, ya ce mijinta ya ce ba shi da mata. Emil kuwa duk Asabar sai ya kawo mata ledar kayan abinci da rana tsaka don jama'a su gani, ana cewa kai, wannan shi ne aboki! A bakin ƙofa kuma ya yi ƙasa da murya ya ce gara ta tattara ta bar garin kafin a yi mata illa.

Ba ta tafi ba. A watan Maris ta haihu, ita ta kira wa kanta tasi, ita ta dawo da jaririyar gida. Duk lokacin da ta leƙa taga tana hango kujerar can ƙarshen layi, domin doka ta hana a taɓa ta, kuma mutane na son ta tsaya a wurin ta zama abin nuni. Sai ta rungume 'yarta ta ce ya Ubangiji, ban roƙe ka komai ba sai kada yarinyar nan ta tashi ana kiranta 'yar ɓera.

A Afrilu aka manna takardar cewa motar shara za ta bi layin ta kwashe duk abin da ke kan titi. Baba Zygmunt, mai shekara tamanin da ido ɗaya mai gani, ya ce shi dai ba zai bari a niƙe ƙarfe mai kyau ba. Ya ɗaga kujerar, ya kifa ta, babban yatsansa ya bi ta kan ƙafar. Ya tsaya cak. Ranar Lahadi bayan an fito coci, maza sun cika kulob ɗin unguwa, ya shigo ya kifa ta a kan tebur a gaban Emil.

"Yaro, ka ce ba ka taɓa taɓa ta ba ko?"

Emil ya yi dariya. "Baba, an fara shan giyar tun da hantsi ne?"

"Waldar bahago ce wannan, daga dama ta taso. Ga ƙullin da kake bari a ƙarshe, wanda na sha ranƙwashinka a kansa. Bahago ɗaya na koyar a rayuwata."

"Idonka ya tsufa, Baba."

"Yatsana bai tsufa ba. Ƙarfen matakalar kulob ɗin nan kai ka yi, kowa ya je ya shafa."

Aka je aka shafa, ƙulli iri ɗaya. Nan take wani cikin abokan satar ya tuna cewa ranar kamen Emil ya ce haƙori na ciwo, bai zo ba. Wani ya ce a Disamba an kama shi da motar sata, maganar ta bi ruwa, ashe da Caz ya fanshi kansa! Emil ya fara rantsuwa, ya koma kuka, ya ce shekara goma aka ce za a yi masa. Ko yatsa babu wanda ya ɗaga masa. Kowa ya ja kujerarsa ya juya baya, har ya fita. Bai ƙara samun mai amsa gaisuwarsa ba, ya bar garin, kafin wata biyu aka kama shi da kayan sata a wata jiha. Shekara bakwai aka yanke masa, kuma babu mai hawa bas don kai masa ziyara.

Mama Wanda da kanta ta ɗauko kujerar, ta durƙusa a matakalar da ake ajiye ɓeraye. Lorraine ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙa mata jaririyar ta ce, "Tashi Mama, sanyi zai kama miki gwiwa."

A gidan yari Caz ya fito ganinta wannan karon. Ya ga 'yarsa ta bayan gilashi, ya kifa goshi a jikinsa yana kuka kamar ransa zai fita, yana roƙon ta yafe masa. Ta ce ta yafe, amma ranar da ya fito wurin Baba Zygmunt zai nufa ya karɓi sandar walda, in ya sake taɓa wayar wani kada ya nemi gidanta. Ya ɗaga kai ya amsa.

Da sanyi ya zagayo, duk safiyar da ƙanƙara ta zuba sai Lorraine ta tarar an share mata ƙofa tas, kuma ba ta taɓa tambayar ko wane ne ba. Kujerar ruwan ɗorawa ta koma kan tebur, ta huɗu. Wata baƙuwa ta taɓa jawo ta za ta zauna, Lorraine ta dafa ta.

"Ɗauki waccan," ta ce. "Wannan kam gurbi take riƙe wa maigidan."