Irin Shuka a Ƙwaryar Fura

Kafin azahar an kai mutum shida likita daga tashar Dogon Dutsi, kowa yana amai, kuma dukansu furar Khairiyya suka sha. Da Insifekta Mukhtar ya iso, ya tarar an fasa mata ƙwarya ana kiranta mayya. Wasu na cewa nono ne ya lalace, wasu na cewa aljana Doguwa ce. Ya sa ta a mota tun mutane ba su taɓa ta ba.

"Ranka shi daɗe, da furar ga nika ci da marayuna," in ji ta. "Mi za ya sa in kashe masu saye?"

"Ina kika samu gero?"

"Wani mai amalanke, baƙo, yas saida min da araha."

Mukhtar ba mai yarda da araha ba ne. Ya je gidanta ya tarar da kajin da suka ci dusar a mace. Ya murza geron a tafin hannu da ɗan ruwa, sai ga ja-ja. Irin shuka ne, wanda gwamnati ke ba manoma tallafi, ana cuɗa shi da jan maganin ƙwari. Wani ya wanke shi ya kai kasuwa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya wuce magazar koperatif, wato ma'ajiyar ƙungiyar manoma, inda aka ajiye irin manoman Sukukutane, ya ce sintiri ya kawo shi. Mutum biyu ke riƙe da makulli: Abdussalamu magazinye mai tsaron kayan, da Iro shugaban koperatif.

"Komi na nan cif," in ji Abdussalamu.

Mukhtar ya soka wuƙa a buhunan baya. Yashi ya zubo.

Abdussalamu ya rantse a nan yake kwana kullum. Ƙarya ce, unguwa duka ta san yana da amarya. Iro kuwa ya ce makullinsa ya ɓace tun bara, alhali ga shatinsa a aljihun riga.

A komisariya, ofishin 'yan sanda, Mukhtar ya zaunar da su, ya sa aka kawo ƙwarya da ludayi biyu.

"Ku jiƙa maƙoshi tukuna. Furar Khairiyya ce, baiwar Allah. Ashe nononta ne ya lalace. Wannan geronta ne dai, amma da sabon nono aka dama."

Abdussalamu ya yi bisimilla ya kafa kai. Iro ya ja kujerarsa baya.

"Ina azumi."

"Da goro a baki?"

Iro ya tsayar da tauna.

"Duk garin nan nono ake zargi," in ji Mukhtar. "Kai kaɗai kake tsoron geron. Me ka sani a kansa?"

Abdussalamu ya saki ludayi. Mukhtar ya ce masa ya kwantar da hankali, ba furar Khairiyya ba ce, a gidan shi Mukhtar ɗin aka dama ta.

Iro ya tofar da goron ya ce:

"Wallahi na wanke shi sai da ruwan yay yi fari. Na ce a kai shi nesa, ban san cikin gari za a saida ba."

"Nesa ba mutane ne ba? Ina sauran?"

"Cikin rumbun gidana."

Aka sa masa ankwa, aka tafi da shi ya nuna.

Da Mukhtar ya sallami Khairiyya, ba ta tashi ba.

"To wa za ya ƙara shan furata?"

Abin ya taɓa shi ƙwarai. Ranar da ta koma tasha da sabuwar ƙwarya, mutane na ratse mata, sai ga Mukhtar cikin kaki. Ya tsuguna, ya ce ta dama masa da kauri. Ya shanye tas a gaban kowa, ya miƙa kwanon a ƙara.

Wani ɗan kabu-kabu ya kashe babur ya matso.